Kafin Ka Canza Rautar Gidanka, Ga Inda Akwatin Ya Samo Asali

Jama'a, tun watan Janairun 2025 da hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin ɗari, babu tambayar da ta fi zuwa mini kamar ta rauta. Wacce zan saya? Mai 4G ko mai 5G? Tawa ta tsufa, in jefar ne? Lissafin da mutane ke yi a fili yake. Gida mai mutum takwas ko goma, kowa da wayarsa, kowa na sayen 'yar datar sati, ai gara a haɗa kuɗin a sayi babba a zuba a akwati ɗaya kowa ya sha. Lissafin kuma daidai ne. Inda gizo ke saƙar shi ne mutum ya ɗauki kuɗin da ya kusa na buhun shinkafa ya je Farm Center ya ɗauko sabuwar rauta mai ƙahoni huɗu, bayan sati biyu ya dawo yana cewa an cuce shi, don bidiyo na nan yana tsayawa kamar da, data kuma ta fi saurin ƙarewa. Yawanci ba cutarsa aka yi ba. Akwatin ne aka ƙera shi domin wasu gidaje da wata irin rayuwa da ba tamu ba, kuma babu wanda ya zaunar da shi ya faɗa masa. Shi ya sa nake so in ɗan ja ku baya. Rubutun zai yi tsawo, a yi haƙuri.

Wi-Fi dai rediyo ce. Duk wanda ya tashi a gidan da ake murɗa akwati da asuba ana neman BBC ko Jamus a gajeren zango ya san maganar mita 16, mita 19, mita 25. Waɗannan lambobi tsawon igiyar rediyon suke nufi. To igiyar Wi-Fi ta zangon 2.4 tsawonta santimita 12 da rabi ne kacal, ba ta kai taƙi guda ba, ta zangon 5 kuma wajen santimita 6. Igiyar gajeren zango tana dukan sama ta dawo ƙasa, shi ya sa take ƙetare teku ta iske ka a ƙauye. Ta Wi-Fi kuwa, da ƙaramin ƙarfin da aka ba ta, bangon bulo biyu ya isa ya galabaitar da ita.

Me ya sa aka ajiye ta a 2.4? Ba don zangon ya fi kyau ba ne, don babu mai son sa ne. A 1947, a taron ƙasashen duniya kan rabon zangunan rediyo da aka yi a Atlantic City ta Amurka, an ware wasu wurare domin injinan masana'antu da na asibiti da na bincike, waɗanda ke fitar da hayaniyar rediyo ba da niyyar aika saƙo ba. Injin ɗumama abinci, wato maikirowef, a nan yake aiki, a 2.45. Wurin ya zama kamar juji, babu gidan rediyo ko kamfanin waya da zai so a ba shi. Sai a 1985 hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, ta ce kowa na iya amfani da wannan jujin ba tare da lasisi ba, da sharaɗin ya rage ƙarfin na'urarsa kuma ya baza saƙonsa a faɗin zangon yadda ba zai dami wasu ba. Wani injiniyan hukumar mai suna Michael Marcus ne ya dage a kan maganar.

Ku kwatanta da wannan: a Janairun 2001 kowane kamfanin da ya ci gwanjon lasisin GSM a Najeriya dala miliyan 285 aka yanka masa. A Disambar 2021 MTN da Mafab kowannensu ya ci lasisin 5G a kan dala miliyan 273.6. Kai kuwa ka sa tashar rediyo a falonka ba ka biya ko sisi na lasisi ba. A ganina wannan hukuncin na 1985 ya fi duk wata ƙirƙira da ta biyo baya muhimmanci. Amma kyauta tana da nata farashin. Tunda wurin na kowa ne, rautarka da ta maƙwabcinka da Bluetooth ɗin yaranka duk a fili ɗaya suke kiwo, kuma babu hukumar da za ka kai wa ƙara.

Bari in ɗan ratse. Lokaci zuwa lokaci ana yaɗa hoton wata 'yar fim, Hedy Lamarr, ana cewa ita ta ƙirƙiro Wi-Fi. Gaskiya ne a 1942 ita da wani makaɗi, George Antheil, sun sami takardar mallakar wata dabara ta sa saƙon rediyo ya riƙa tsalle daga zango zuwa zango, don kada abokan gaba su toshe makamin ƙarƙashin ruwa da ake sarrafawa daga nesa. Mace ce mai kaifin basira, kuma ba a ba ta haƙƙinta da wuri ba. Amma dabarar tata ta fi kusa da yadda Bluetooth ke aiki. Wi-Fi ta yau ba ta wannan hanyar take bi ba, kuma ba mutum ɗaya ne ya yi ta ba.

Ladabin maganar da Wi-Fi ke bi ya samo tushe ne daga Hawaii. A 1971 Norman Abramson da abokan aikinsa a jami'ar can suka haɗa kwamfutocin da ke tsibirai daban-daban da rediyo, suka sa wa tsarin suna ALOHAnet. Ƙa'idarsu mai sauƙi ce: wanda ke da magana ya yi, idan murya biyu suka haɗu suka cakuɗe, kowa ya yi shiru na ɗan lokaci sannan ya sake gwadawa. Wi-Fi ta gyara wannan ta ce a fara saurare kafin a yi magana. Kamar majalisar dattawa ce a ƙofar gida, mutum ɗaya ke magana a lokaci guda. Ku riƙe wannan, don shi ke bayyana abin da ke ba mutane mamaki. Idan akwai tsohuwar waya can ƙuryar gida da ke kama sanda ɗaya, tana magana a hankali tana maimaitawa, to lokacin kowa take ci. Kai da ke zaune kusa da rauta da sabuwar wayarka dole ka jira ta gama.

Wani abin dariya, ba don hawa intanet aka fara ƙera kayan ba. Kamfanin NCR, mai yin injinan karɓar kuɗi na kantuna, shi ne a reshensa na ƙasar Holan ya nemi hanyar haɗa injinan nan ba tare da an fasa daɓe an ja waya ba duk lokacin da aka sauya tsarin kanti. Suka fito da WaveLAN a farkon shekarun 1990. Wani injiniyansu, Vic Hayes, ya shugabanci kwamitin da ya zauna don a daidaita ƙa'ida ɗaya wadda kayan kowane kamfani za su bi, kwamitin 802.11. Shekara bakwai suka yi kafin ƙa'idar farko ta fito a 1997, gudunta megabit 2 a daƙiƙa. A 1999 aka kai 11. A shekarar ne kuma 'yan kasuwar suka ga babu mai shiga shago ya ce a ba shi 802.11b, sai suka ɗauki hayar kamfanin raɗa suna, Interbrand, ya ba su Wi-Fi. Sunan ba gajarcen komai ba ne, daɗin faɗa kawai gare shi.

Ranar da abin ya shiga gidajen mutane ita ce 21 ga Yulin 1999. Steve Jobs ya tsaya a kan dandamali a New York da ƙaramar kwamfutar iBook, yana buɗe shafin intanet, sai ya ɗauke ta ya yi tafiya da ita, ya zura ta cikin wani ƙaton zobe don jama'a su ga babu wayar da ke biye da ita. Katin da ake sa wa kwamfutar dala 99, akwatin da ke watsa saƙon, AirPort, dala 299. Kafin nan irin waɗannan kaya sai manyan kamfanoni.

Akwai kuma matsalar amsa-kuwwa. Cikin ɗaki, saƙon rediyo yana dukan bango da rufi da ƙofa ya iso a lokuta daban-daban, kamar lasifikar masallatai uku da ke kusa da juna, kalmomi su hau kan juna. Wasu masu binciken taurari na hukumar CSIRO ta Ostireliya, ƙarƙashin John O'Sullivan, sun saba da tace sigina mai rauni daga sararin sama, sai suka juyo da lissafin kan wannan matsala. Suka sami takardar mallaka a Amurka a 1996, daga baya suka yi shari'a da manyan kamfanonin kwamfuta suka karɓi ɗaruruwan miliyoyin daloli. Dabarar raba saƙo ƙanana-ƙanana a aika su jere a lokaci ɗaya ita ta kai gudun zuwa megabit 54, sannan a 2009 aka ƙara amfani da eriya fiye da ɗaya. Daga nan ƙahonin suka fara yawa. Sunayen da kuke gani a kwali yanzu, Wi-Fi 4, 5, 6, sai a 2018 aka fito da su don a sauƙaƙa wa mai saye. Wi-Fi 7 kuma a farkon 2024 aka fara ba kayanta shaida.

To ita kalmar rauta fa? Wannan ɓangaren ba na rediyo ba ne. Waɗanda suka tsara intanet sun tanadi adireshi wajen biliyan 4.3, suna ganin ba za a taɓa cinye su ba. Tun farkon shekarun 1990 aka gane za su ƙare. Sai aka fito da dabara: a ba gida adireshi ɗaya a waje, a ciki kuma kowace na'ura ta sami lambar cikin gida. Rauta ita ce yaron da ke zaune a zaure, saƙo ya zo daga waje ya san na ɗakin wa ne ya kai. Lambobin nan da ake cewa ka buga, 192.168.0.1 ko 192.168.1.1 ko 192.168.8.1, daga cikin waɗanda aka ware wa cikin gida ne, shi ya sa taka da ta maƙwabcinka za su iya zama iri ɗaya ba tare da rikici ba. Akwatin da ya haɗa wannan aiki da rediyo ya yi suna a duniya shi ne Linksys WRT54G, shuɗi da baƙi, wanda ya fito a ƙarshen 2002. Da aka gano manhajar Linux ce a cikinsa, aka matsa wa kamfanin ya saki rubutun manhajar kamar yadda lasisin Linux ya tanada, daga nan masu sha'awa suka gina OpenWrt. Abin lura a nan, rauta cikakkiyar kwamfuta ce. Tana da manhaja, manhajar tana tsufa, kuma ana iya kutsa mata.

Yanzu mu dawo gida, don a nan labarinmu ya rabu da nasu. Ba'amurke ko Bature da ya sayi wancan shuɗin akwati a 2003 yana da wayar tarho ko wayar talabijin da ta riga ta shigo gidansa. A jikinta zai maƙala rautar, ya biya kuɗin wata, ya sha iya shansa. Mu kuwa kafin zuwan GSM a watan Agustan 2001, layukan NITEL a faɗin ƙasar nan wajen dubu 400 ne, a ƙasa mai mutum kusan miliyan 120. Babu wayar da za a maƙala. Waɗanda suka yi zamanin kafe sun tuna: faranti a kan rufi, a sayi awa ɗaya, rabinta ya tafi wajen jiran shafi ya buɗe, masu neman araha su kwana a can. Bayan nan modem mai kama da filashi ya zo tare da 3G, sannan 'yar MiFi ta aljihu. A 2010 wayoyin ƙarƙashin teku na MainOne da Glo-1 suka fara aiki a Legas suka karya tsadar da ake sha a kan SAT-3. Manyan kamfanoni suka buɗe 4G a 2016, MTN ta fara 5G a 2022, Airtel ta biyo a 2023, Starlink kuma ta fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, ƙasa ta farko a Afirka.

Saboda haka rautar da mafi yawanmu ke saye, wadda ake sa wa sim, na'ura biyu ce a kwali ɗaya. Ƙafa ɗaya tana magana da ƙarfen sabis na unguwa kamar yadda wayarka ke yi. Ɗaya ƙafar ita ce Wi-Fi, mai magana da wayoyin cikin gida. Lambobin da ake bugawa da manyan baƙaƙe a kwali, 1200 ko 1800 ko 3000, na ƙafar cikin gida ne. Matsalar yawancinmu kuwa a ƙafar waje take. Idan ƙarfen unguwarku yana ba ka megabit 4 da ƙarfe tara na dare saboda kowa ya hau, to ko rautar da ta fi kowacce tsada ka saya, 4 ɗin za ta raba muku. Babban famfo ba ya ƙara ruwan rijiya.

Kuma ƙafar wajen nan doguwa ce. Daga ƙarfen unguwa saƙonka zai bi wayar ƙarƙashin ƙasa, wadda katafilar masu aikin titi ke tsinkewa kullum, ya yi tafiyar kusan kilomita dubu daga Kano zuwa bakin teku. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin teku huɗu suka lalace a lokaci guda a yankin gaɓar Kwaddibuwa, har bankuna suka kasa aiki yadda ya kamata. A Satumbar 2021 aka kashe sabis ɗungurungum a Zamfara da wasu ƙananan hukumomi na maƙwabtan jihohi saboda yaƙi da 'yan bindiga. A Oktobar 2024 yawancin Arewa ta yi kwana da kwanaki babu wuta. A duk waɗannan ranakun alamar Wi-Fi na iya cika fal a wayarka, amma babu abin da ke tafiya. Cikar sandunan nan tana nufin kana jin muryar yaron zaure ne kawai. Ba ta nufin ƙofar waje a buɗe take.

Don haka kafin ka fitar da kuɗi, yi gwaji mai sauƙi. Tsaya kusa da tsohuwar rautarka ka auna gudu da asuba, ka sake aunawa bayan isha'i. Sannan ka je ɗakin da ake kuka da shi ka auna. Idan kusa da ita lafiya lau ne, a ɗaki ne abin ke mutuwa, matsalarka ta Wi-Fi ce, kuma sau da yawa canza mata wuri ya isa. Idan kusa da ita ma a hankali ne, musamman da dare, matsalar ta waje ce. A nan abin da zai taimaka shi ne ka ari layukan wasu kamfanoni ka gwada a cikin gidanka, ba a shagon mai sayarwa ba, ko ka kai rautar kusa da tagar da ke fuskantar ƙarfen sabis, ko ka sa eriyar waje. Idan sabuwa za ka saya, tambayar da ta dace ita ce ajin modem ɗinta. Mai Cat4 iyakarta megabit 150 a takarda, mai Cat6 tana iya haɗa zango biyu a lokaci ɗaya, wanda ke taimakawa a wurin cunkoso idan ƙarfen unguwarku yana ba da hakan. Ka kuma tambaya ko a kulle take da layin kamfani ɗaya. Mai kulle ta fi araha, amma ranar da wannan layin ya lalace a unguwarku ta zama kayan ado.

Sai rikicin 5G. Don Allah a bambance. Akwai 5G ta kamfanonin waya, wadda a nan aka fara ta a zangon 3.5, kuma ba kowace unguwa ta kai ba. Akwai kuma zangon 5 na Wi-Fi, wanda yake nan tun 1999. Rautoci da yawa suna rubuta 5G a ƙarshen sunan Wi-Fi ɗinsu alhali zangon 5 suke nufi. Na ga mutane suna murna sun sami 5G a garin da ko ƙarfenta ɗaya ba a kafa ba. Shi zangon 5 ya fi gudu, ya fi ƙarancin cunkoso, amma ba ya jure bango. Na 2.4 ya fi nisa, amma hanyoyi uku ne kacal a cikinsa da ba sa hawa kan juna, 1 da 6 da 11. A gidan haya mai rauta goma, ka ga abin da zai faru.

Maganar tsaro ita ce ta fi damuna, don ita aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Makullin farko da aka yi wa Wi-Fi, WEP, masana uku suka nuna yadda ake fasa shi a 2001. Aka kawo WPA a 2003, WPA2 a 2004, WPA3 a 2018. Idan rautarka WEP kaɗai ta sani, wannan kam ta cancanci ritaya yau. Sannan akwai wani maɓalli da aka ƙirƙiro don sauƙaƙa wa mutane, WPS, mai lamba takwas. A Disambar 2011 wani mai bincike, Stefan Viehböck, ya nuna cewa rauta tana duba rabin lambar farko daban, rabin ƙarshe daban, lamba ta takwas kuma ta lissafi ce kawai. Maimakon ɓarawo ya gwada miliyoyin lambobi, dubu 11 sun ishe shi. Manhajojin da yaran unguwa ke saukewa su ce suna buɗe Wi-Fi ɗin mutane, da yawansu wannan ƙofar suke bi. Ka shiga saitin ka kashe WPS.

Kuma kalmar sirri biyu ce, ba ɗaya ba. Akwai wadda ake ba baƙo ya hau Wi-Fi. Akwai ta shiga cikin rautar kanta, wadda a rautoci da yawa take zuwa a matsayin admin da admin. Kusan kowa yana canza ta farko ya bar ta biyu. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta riƙa yawo a intanet tana ƙwanƙwasa ƙofar rautoci da kyamarorin tsaro, ɗauke da jerin kalmomin sirri sittin da 'yan kai, irin waɗanda kamfanoni ke sawa tun daga masana'anta. Da wannan kaɗai ta tara dubban ɗaruruwan na'urori. Ranar 21 ga Oktoban shekarar aka tura su kan kamfanin Dyn, Twitter da Netflix da wasu manyan shafuka suka ƙi buɗuwa a sassan Amurka. Wata guda bayan haka wani reshenta ya durƙusar da rautoci wajen dubu 900 a Jamus. Waɗanda suka rubuta ta ba wata gwamnati ba ce, samari uku ne 'yan Amurka, kuma sun amsa laifinsu a kotu. Sai a Afrilun 2024 Birtaniya ta fara aiki da dokar da ta hana sayar da irin waɗannan na'urori da kalmar sirri ta gama-gari mai sauƙin cinka. Kayan da ke shigowa kasuwanninmu wannan dokar ba ta hau kansu ba, don haka aikin ya rage naka.

Wani zai ce, ni me nake da shi da za a sata? Kana da manhajar banki a wayarka. Wanda ya shiga cikin rautarka zai iya canza inda take tambayar adireshin shafuka, ya tura ka shafin bogi. Sannan sim ɗin da ke cikinta da NIN ɗinka aka yi masa rajista. Duk abin da wani ya aikata ta layin, sunanka za a fara gani. Wannan kaɗai ya isa ya sa ka daina sa lambar wayarka ko shekarar haihuwar ɗanka a matsayin kalmar sirri. Ka haɗa kalmomi huɗu ko biyar na Hausa da ba su da alaƙa da juna, sun fi wuyar cinka kuma sun fi sauƙin tunawa. Ka kuma sani tun daga Android 10 duk wanda ka sa wa kalmar a wayarsa zai iya nuna wa abokinsa hoton QR ya hau, ko da bai san kalmar ba. Yaro ɗaya ya isa ya raba wa layinku duka. Maganinsa a buɗe Wi-Fi ta baƙi daban, a riƙa canza tata kalmar, a kuma leƙa jerin waɗanda ke kai lokaci-lokaci.

Wajen ajiye ta ma, littafin da ke cikin kwali gidan katako da allon siminti mara kauri yake tunani. Namu gidajen bulo ne da dakin mai rodi, ko ginin ƙasa mai kauri, ga ƙofofin ƙarfe, ga kwano, ga tankin ruwa, kuma ƙarfe da ruwa duk abokan gabar wannan igiya ne. A ɗora ta sama, a wurin da ya fi zama tsakiyar inda ake amfani da ita, ba bayan talabijin ba, ba cikin durowa ba. Gida mai sassa da tsakar gida, maganinsa a ja waya zuwa ɗaya sashen a sa akwati na biyu, ya fi duk wani ɗan ƙarin sigina da ake maƙalawa a soket. Yawancin rautocin gida an rubuta musu iyakar zafi digiri 40, mu kuwa a Afrilu Sakkwato da Maiduguri suna haura haka a inuwa. Rautar da ke kashe kanta da azahar ba lallai ta lalace ba, a gwada ba ta iska. Tunda kuma yawancinsu wutar bolt 12 suke ci kuma ba su da ci sosai, ƙaramin batirin da ake sayarwa dominsu yana riƙe su awanni bayan an ɗauke wuta, ya kuma raba su da yawan mutuwa da tashi.

Saura maganar da ta fi ƙona rai, wato data ta ƙare a kwana goma. Nan ma tarihin ne. Waɗanda suka tsara wayoyinmu da kwamfutocinmu sun taso ne a inda Wi-Fi ke nufin layin gida da ba a aunawa. Don haka waya tana tattalin data idan a kan sim take, amma da ta ga Wi-Fi sai ta saki jiki: ta sabunta manhajoji, ta kwashe hotuna da bidiyo ta kai ma'ajiyar intanet, YouTube ya ɗaga ingancin hoto, WhatsApp ya sauke duk bidiyon da aka turo a guruf. Kwamfuta mai Windows ita kaɗai tana iya jan gigabait da yawa a sabuntawa ɗaya. Wayar ba ta san cewa bayan wannan Wi-Fi ɗin akwai sim mai data ƙidayayya ba. Ko tsarin da ake kira mara iyaka, mafi yawa yana da wani adadi da idan an kai shi ake rage gudu. Sai ka bi wayoyin gidan ɗaya bayan ɗaya, ka shiga saitin wannan Wi-Fi ɗin ka nuna musu layi ne mai awo. Android da Windows suna da wurin, iPhone ma tana da tsarin rage cin data. Talabijin mai intanet kuma a sauke masa ingancin hoto.

Ita kuma tsohuwar, idan ta san WPA2 kuma tana da ramin sa waya a bayanta, kada a jefar. A mayar da ita yadda ta fito daga kamfani, a canza kalmomin sirrinta biyu, a kashe mata aikin raba lambobin cikin gida don kada su yi karo da sabuwar, sannan a ja waya daga sabuwar zuwa gare ta a kai ta sashen da sigina ba ya isa. Wayar irin wannan tana iya yin mita ɗari ba tare da ta rage gudu ba, wanda ya ishi kusan kowane gida.